Dashen Lemo da Ƙofar But

"Lafiya lau, amaryar da ta ƙi zaman gida. Sai yau kika tuna kina da miji?"

"Wane miji? Wanda haƙoransa ke kwana a kofi?" in ji ta, tana durƙushe tana dariya.

Kakanta ne, mahaifin babanta. Ta zo ɗaukarsa daga gidan da yake zaune shi kaɗai tun rasuwar kakarta, zai koma wajensu. Kaya sun riga sun tafi a babbar mota. Saura shi da sandarsa, sai dashen lemo a tsohon bokitin fenti, wanda ya hana kowa taɓawa.

Ta danna makullin motar daga inda take tsaye. Ƙofar but ɗin motar ta yi ƙara, ta ɗaga kanta a hankali. Tsohon ya ja da baya.

"Wa'iyazubillahi! Wa kika ɓoye a ciki?"

"Saurayina ne. Shi ke buɗe min."

"Ai kuwa ya fi ki ladabi. Kin gani, daga ganina ya miƙe tsaye."

"Tsoro ya ji. Ya ɗauka fatalwa ce."

Ya ƙi yarda ta kama masa bokitin. Ya ɗora da kansa, ya zura rabin jikinsa ciki yana gyara masa zama. Ita kuma garin juyawa da jakarsa ta danne makullin a tafin hannunta. Ƙofar ta fara saukowa. Ta ƙwala ihu, "Kaka!" Kafin ta kai gare shi ƙofar ta dungure masa baya, ta tsaya cak, ta koma sama.

Ya fito yana gyara hula.

"Kin so ki zama bazawara da rana tsaka, Allah bai nufa ba."

"Ba ka ji ciwo ba?"

"Ciwon me? Shafa ni ta yi. Ta san manya."

"Ƙashi ta ji ta fasa. Ko ita ba ta cin abin da ba nama."

"Ja'ira! Ni da a zamanina nake rufe bayan tirela da hannu ɗaya, ɗayan hannun ina shan shayi?"

"Wancan satin ka ce da ƙafa."

"Wata tirelar ce daban."

Sai dai dashen ya fi but ɗin tsawo. Kansa ya leƙo waje kamar kamu ɗaya. Tsohon ya ce ta rufe kawai, tunda ƙofar tana da hankali, in ta ji reshe za ta koma. Bai jira ba, ya kai sanda ya dangwali madannin da ke jikin ƙofar.

Wannan karon da gudu ta je. Ta fizgo reshen gefe, ƙofar ta rufe ƙyat, ta datse ganye biyu suka faɗo ƙasa.

"Abu mai kauri take ji, Kaka. Siriri kamar reshe ko yatsan yaro, sai ta gama aikinta ba ta sani ba."

Ya sunkuya da ƙyar ya tsince ganyen, ya murza, ya kai hanci.

"Daga bishiyar kakarki na cire shi," ya ce. "Waɗanda suka sayi gidan za su sare ta, shaguna za su yi."

Ta ɗaga kai tana kallon bishiyar da ta leƙo ta saman katanga. A ƙarƙashinta aka yi mata kitson farko, tana ihu, kakarta na lallashinta.

"To mu bar but ɗin a buɗe," in ji shi. "In zauna ciki in riƙe shi."

"Hayaƙin salansa ya cika maka ciki, in taka birki kuma in tsinto ka a kwalta? Me zan ce wa Baba?"

"Ki ce na gudu ne saboda girkinki."

Suka gwada kujerar baya, a fitar da kan dashen ta taga. Gilashin ya sauka rabi ya tsaya. Ta sake dannawa, ko motsi.

"Kin ga rowa? Iskar ma rabi take bayarwa. Halin uwar ɗakinta ta ɗauko."

"Haka aka yi ta. Tudun taya ne ya tokare, gilashin ba shi da wajen shiga. Kuma ya yi daidai, kar wani tsoho ya zura kai yana ɗaga wa 'yan mata hannu."

"Su ke ɗaga min."

"Sadaka suke miƙo maka."

A ƙarshe ta kwantar da kujerun baya, ta jingine bokitin da jakar kayansa, dashen ya miƙe tun daga but har tsakanin kujerun gaba. Ta rufe ƙofar, hannunta ɗaya riƙe da rigarsa kar ya matsa. Ya shiga gaba, ganye na sosa masa kunne.

"Ya zauna lafiya?" ta tambaya.

Ya waiwaya ya duba reshe bayan reshe, ya daɗe. Sannan ya fashe da dariya har da tari.

"Na sallama, kin iya. Lemon farko da ya yi, naki ne."

"Guda ɗaya tak?"

"To biyu. Ki ba saurayin naki na but ɗaya, ya daina cizo."