Akwatin da Na Gano a Tsohuwar Tashar Huangpu

Abokina Alhaji Sani, ɗan Kumasi da muke sarin takalma tare a Guangzhou, shi ya nuna min wasan a waya. Ana ɓoye ƙananan akwatuna a wuraren tarihi, taswira ta kai ka, ka buɗe ka karanta labarin wurin. Na ce, "Alhaji, ni da nake gano ɓatacciyar kwantena, akwati ne zai gagare ni?"

Muka je tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Huangpu, inda a da ake lodin shayi da siliki. Awa biyu ina leƙa gindin bishiyoyi, gumi sharkaf, na rantse ba zan koma hannu rabbana ba. Can a jikin katanga na hango wani baƙin akwatin roba. Na ɗaga shi sama, na ce Alhaji ya ɗauke ni hoto.

Sai ga wata tsohuwa mai shara a guje, tana ihu, "Lawban! Lawban!" wato "Maigida" da Sinanci, tana nuna murfin. Akwatin maganin ɓera ne.

Alhaji kuwa tuni ya tura wa 'yan kasuwa hoton. Har yau in na shiga gidan abinci sai wani ya miƙe ya ce, "A ba Sarkin Ɓeraye kujera!"