Nomau da Rautar Yaya Mudi

A ƙauyenmu na Kwarin Gawo akwai wani bawan Allah da ake kira Nomau. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, saboda haka abin da zan faɗa muku ba a kasuwa na tsinto shi ba. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tasalla, da tsohuwarsa Iya Gaje. Nomau ba ya ƙarya, ba ya rowa, idan ya kama fartanya kuwa sai ka tausaya wa ciyawa. Matsalarsa ɗaya ce tak: abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ka ce ya riƙe maka akuya kafin ka dawo, ko shekara ka yi a nan za ka iske shi da ita, wataƙila har da 'ya'yanta.

Yana da wa mai suna Mudi, tela ne a Jidda, shekara shida rabonsa da gida. Shi ne ɗan farin Iya, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce “wancan na can”. In an yi zancensa takan kawar da kai kamar ba ta ji ba, amma mu maƙwabta mun san kewarsa ce ke cinta. Garinmu a kwari yake, waya ba ta kama sabis sai an hau dutse, Iya kuwa gwiwa ta daɗe da hana ta hawa. Da matar Mudi ta kusa haihuwa, sai ya sa aka sayo rauta, ɗan akwatin nan mai ƙaho biyu da ke jawo intanet ya raba wa wayoyin gida. Ya ce burinsa ranar suna Iya ta gan shi da abin da aka haifa a waya, ido da ido. Iya ta ce ita ba ruwanta. Washegari muka gan ta tana goge tabarau ɗin da ta shekara ba ta sa ba.

Wata rana Lurwanu mai gyaran waya, wanda muke kira Injiniya, ya iso da rautar a bayan babur. Ya sa mata sim, ya haɗa ta da ɗan batirin da sola ke cikawa, fitilunta suka yi kore shar. Yana sauri, har ya tayar da babur ya waiwayo ya ce, “Nomau, ka nema mata wurin da ya fi ko'ina tsayi a gidan nan, a can za ta fi jawo sabis.” Nomau ya zagaya gida, ya auna soro, ya auna rumbu, ya ga babu kamar giginyar bayan turke. Wayar batir ba ta kai can ba, sai ya zare ta ya ajiye, ya goya rautar, ya hau ya ɗaure ta a ƙoli. Tasalla ta yi ta latsa waya har babban yatsanta ya yi tsami. Kashegari aka kirawo Lurwanu, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Ya ce, “To wutar fa?” Nomau ya ce, “Tsayi ka ce, Injiniya. Ba ka yi zancen wuta ba.” Aka sauko da ita da kashin tsuntsu a ka, aka rataye ta a ƙusa kusa da tagar ɗakin Iya.

Wata rana Lurwanu ya biyo ta layinmu ya iske mutum goma sha a jingine da katangar gidan, kowa ya sunkuyar da kai a waya. Ina cikinsu, ba zan ɓoye ba, banza ta faɗi. Ya kore mu, ya shiga ya canza lambar sirri, ya rubuta ta a takarda ya damƙa wa Nomau. Ya ce, “Kada ka nuna wa kowa, in ba haka ba datar nan ba za ta kai suna ba.” Ya tafi bai sa lambar a wayar Tasalla ba. Nomau ya kai takardar wajen baduku aka ɗinke masa ita a fata kamar laya, ya rataya a wuya. Tasalla ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi masa dambun zogale, duk a banza. Kwana uku rauta na ta kore ita kaɗai. Da Lurwanu ya dawo shi ma lambar ta ɓace masa. Ya ce, “Kawo takardar nan.” Nomau ya dafe wuya ya ja da baya. Lurwanu ya ce, “Haba Nomau, ba ni na ba ka ba?” Ya ce, “Kai ka ba ni, kai kuma ka ce kowa. Da ka cire kanka tun farko da na ji.” Sai da Lurwanu ya karyo tsinken tsintsiya ya soka a ɗan ramin da ke bayan rautar, komai ya goge, ya sake aiki daga tushe yana ƙunƙuni.

Wata rana aka yi zafi irin na tsakanin ruwa da ruwa, Lurwanu ya taɓa rautar ya ce, “Kai, ta ɗau zafi. A riƙa sama mata wuri mai sanyi.” To a gidan ƙauye ina ya kai randa sanyi? Nomau ya kwashe ruwan tas ya ba tumaki, ya goge cikin, ya zura rautar da batirinta, ya rufe da faifai ya aza dutse. Tasalla ta dawo daga surfe da ƙishi, ta zura moɗa, ta ji ƙwas, ta ga idanu kore suna ƙifta mata daga ƙasan randa. Ihun da ta yi har masu zama a bakin masallaci sai da suka miƙe. Nomau ya sheƙo da gudu, bai tambayi lafiyar matarsa ba, ya taɓa rautar ya ce, “Alhamdu lillahi, ta yi sanyi.”

Wata rana saƙon murya ya shigo: matar Mudi ta sauka lafiya, mace aka samu, kuma sunan Iya za ta ci. Iya ta ce, “Allah ya raya,” ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Kamar da gangan, kwana biyu bayan nan fitilar rauta ta koma ja. Nomau ya hau dutse ya kira Lurwanu, shi kuma ya ce, “Ƙaramin abu ne. Kashe ta, ka ƙirga sittin a jere ba tare da ka yanke ba, sannan ka kunna.” Nomau ya kashe. Gida ya cika da mata 'yan barka, sai ya fito ƙofar gida ya zauna a dakali ya fara ƙirga. Yana sha tara wani ya ce, “Nomau, barka da arziki.” Wane ɗan halak ne za a gaishe shi ya yi shiru? Ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi jikin tsoho, sannan ya koma ɗaya. Haka aka yi ta yi tun hantsi. Sau ɗaya ya kai hamsin da takwas, sai ga Liman da sallama. Ni kaina na mayar da shi baya sau biyu, na biyun da gayya, Allah ya yafe mini. Da la'asar Tasalla ta gaji ta danna maɓallin da kanta, fitila ta yi kore. Nomau ya ce shi dai bai yarda da wannan koren ba, tunda sittin ba ta cika ba.

Ana gobe suna Lurwanu ya zo ya duba komai. Ya gwada wayar a tsakar gida ya ga tana yankewa in an yi nisa da ɗaki. Ya ce, “Mudi ya ce bayan Azahar zai kira. Nomau, gobe ka tabbata rautar nan tana kusa da Iya. Ka ji? Kusa da Iya.” Nomau ya ce ya ji.

Sai rana ta ƙarshe, ranar suna. Iya ta tashi da soya waina, ta ce ko jikarta na bayan teku sai maƙwabta sun ci abin suna. Zama ya gagare ta. Ta leƙa wayar, ta koma ta leƙa, can ta ce ita da kanta za ta raba wainar, ba za ta zauna tana jiran yaro kamar marar aikin yi ba. Ta ɗauki sanda ta fita, Tasalla na biye da kwano a kai da waya a ƙugu. Nomau ya ga Iya ta nufi ƙofa, ya dubi rautar a ƙusa, ya dubi bayan Iya. Nan take ya sauke ta, ya aza a faifai ya ɗora a ka, ya rungumi batir a hammata, ya bi su. Iya ta juyo ta ce, “Kai, mayar da abin nan!” Ya ce, “Injiniya ya ce kusa da ke, Iya.” Ta yi gaba, ya yi gaba. Ta tsaya, ya tsaya. Mata suka fito ƙofa-ƙofa suna dariya har da riƙe ciki, wata ta ce ga amarya ga mai ɗaukar lefe. Tasalla kamar ta nitse don kunya.

Suna gidan Liman a ƙarshen gari hadari ya taso daga gabas ba sallama. Iska ta zo da ƙarfinta, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, suka fake a zaure. Ni ina gida, da idona na ga kwanon rufin ɗakin Iya ya ɗaga ya faɗa gonar bayan gida. Da ruwa ya tsagaita na leƙa: katifa ta jiƙe jagab, rediyonta na iyo a ƙasa, bangon da ake rataye rautar ruwa na bin sa kamar indararo, ita kuwa ban gan ta ba, na ɗauka iska ta tafi da ita. Na ruga gidan Liman in kai labari, zuciyata na cewa shi ke nan, wahalar wata guda ta tashi a banza.

Ina shiga zauren na iske Nomau a tsaye, faifai a ka, fitilu kore, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ban gama bayani ba wayar ta yi ƙara. Tasalla ta danna ta miƙa wa Iya. Sai ga Mudi, ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu, yana rungume da jaririya cikin farin zane. Ya ce, “Iya, kina ganina? Ga takwararki.” Iya ta gyara tabarau, ta kai yatsa ta shafa fuskar jaririyar a gilashi, ta shafa gemun. Sannan a gaban Liman, a gabanmu duka, tsohuwar da ta shekara arba'in ba ta kama sunan nan ba ta ce, “Mudi. Mudi, ashe ka tsufa.” Wallahi sai da na juya na fuskanci bango, don kada a ga babba da hawaye.

Sun fi rabin awa suna magana. Nauyin batir ya ishi Nomau, amma bai motsa ba. Da aka gama Iya ta share ido da gefen mayafi, ta dafa sanda ta miƙe. Nomau ya gyara faifai a ka ya bi bayanta. Tasalla ta ce wa mijinta, “Malam, ai an gama, kawo in karɓa maka.” Iya ta ce, “Ƙyale shi. Ya zo kusa da ni.”