Ranar da Na Sa wa 'Yan Raino Yunifom

Daga Gaya har ka dangana da Ajingi, babu wanda ya kai ni fahimtar doka. Haka na yi imani har zuwa wata Laraba.

Maiɗakina Hajara tana rainon yaran ma'aikata a gida, kuma takardar izininta yara shida ta ce. Ranar ta tafi ta'aziyya Toranke, ta bar mini su. Malaman asibiti biyu suka kawo nasu, na karɓa da fara'a, suka zama takwas. Sai ga labari cewa jami'ar ƙaramar hukuma tana hanya, kuma in ta ga an wuce adadi, takardar ta tafi.

Ban razana ba. A ilimina, ɗan makaranta ba ya shiga lissafin raino. Na ɗauko tsoffin yunifom ɗin 'ya'yanmu na zura wa biyu, na rataya musu jaka.

Jami'ar ta daɗe tana kallon ɗaya, riga tana jan ƙasa, yatsa a baki.

"Malam, wannan aji nawa yake?"

"Aji biyu, ranki ya daɗe. Gajarta ce ta gado."

Ɗalibin nawa ya rarrafa, ya bar wandon a baya.

Ta ce, "Ko 'yan jami'a ne, muddin suna hannunku, sai na ƙirga su."

Aka dakatar da takardar wata guda. Hajara ba ta yi faɗa ba. Amma har yau, in aka yi haihuwa a unguwa, sai ta ce, "Hedimasta, an samu sabon ɗalibi. Aji nawa za ka sa shi?"