Ranar da Na Raba Gadona da Kaina

Da anka gano ina da tarin fuka, malamar asibiti ta miƙo min magani, ta fara bayani. Na katse ta: "Malama, ni da ke ba shanun garin Giyawa magani, mi za ki koya min?"

Da safe na haɗiye ƙwayoyin. Can na zagaya bayi, sai ga fitsari ja wur! Nan take na tabbatar kwanana ya ƙare. Na tara iyali, na yi wasiyya cikin hawaye. Babur na ba ƙanena Sani, jaki na ba maƙwabci, har gonar albasa na raba. Matata sai rusa kuka take.

Sani ya goya ni zuwa asibiti kan babur ɗin da ya gada. Malama ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, maganin ne ke rina fitsari, shi nis so in hwaɗa maka jiya! Ci gaba da sha, kar ka tsallake ko rana guda."

Na shanye, na warke sarai. Amma har yau in na shiga kasuwar Goronyo sai in ji: "Marigayi, ya mutanen lahira?"