Gwajin Haƙurin Jatau

Shekarar da rafi ya ƙafe a masarautar Kurmin Ɗorawa, jakuna suka koma cin ɓawon itace, Sarki Zaki ya tara majalisa a kan babbar matsalar ƙasa, wato faɗan zakaru.

Kura, Ministar Jinƙai, ta miƙe tana share hawaye. "Ranka ya daɗe, jiya na ga jinin zakara yana zuba a ƙasa, a banza, ba wanda ya amfana. Wallahi ban yi barci ba. Gwamnatinka ba za ta zuba ido ba!"

Nan take aka kafa doka: an yarda a mallaki zakara, amma mafaɗaci za a ƙwace shi a kai Gidan Kariya. Gidan yana bayan madafar fada, kuma ƙofar shiga kawai aka yi masa. Aka naɗa Dila mai gwaji. Zai gartsa wa zakara cizo, in ya rama, mafaɗaci ne.

Akwai wata kaza, Gwamma, mai ɗa namiji tilo, Jatau, jan zakara mai ƙaimi kamar ƙaya. Tsoro ya hana ta sakat. Ta goge masa ƙaimi a dutse, ta koya masa sunkuyar da kai.

"Ko me aka yi maka, ɗan nan, ka daure. Ina son ka da rai."

Ranar gwaji Dila ya cije shi a fiffike. Jatau ya dubi uwarsa, ya daure. Dila ya sake cizon sa a wuya, Jatau har godiya ya yi.

"Iya, kin iya tarbiyya," in ji Dila. "Irin wannan ai sai fada, 'yan baya su yi koyi."

Ya saɓa shi a kafaɗa. Gwamma ta bi su tana murna, baiwar Allah.

Da la'asar Kura ta fito gaban jama'a tana sakace haƙori. "'Yan'uwa, doka ta yi aiki! Har ƙarshe yaron nan ko shure-shure bai yi ba." Jakuna suka yi tafi, don an ce su yi.

Gwamma ba ta yi kuka a wurin ba. Ta koma akurki, ta tarar da 'yan tsakin maƙwabciyarta biyu sun kaure da faɗa a kan tsutsa. Uwarsu ta taso a guje za ta raba.

Gwamma ta tare ta da fiffike.

"Ƙyale su," ta ce.