Gorubar Mijin Ladidi

Sunan mutumin ya kuɓuce mini. Na daɗe ina lalubensa a kaina, ban same shi ba. Sunan ƙauyen ma haka, sai dai na san yana tsakanin Maska da Dandume, a hannun dama in ka ba Maska baya, ko kuwa hagu, Allah shi ne masani. Tsufa ya yi mini sata da yawa. Abin da ya bar mini zan faɗa muku yadda na ji shi, tun ina yawon karatu da ƙarfin ƙafata, zamanin da fatake ke sauke jakunansu a Maska.

Wani ne, manomi, ƙato. In aka kira gayya, kafin kowa ya kai rabin kunya shi ya kai ƙarshe ya juyo. A wurinsa, namiji shi ne wanda ya fi kowa yawan sara. Bayan wannan ba ya jin wata magana.

Wata rana da kaka, an gama yankan dawa, ya raka matarsa Ladidi ƙauyensu ganin gida. Da la'asar ya fita bayan gari, sai ya tarar da magidanta a wata gona da aka kwashe wa kara. Sun haƙa ƙananan ramuka nesa-nesa da juna. Kowa da sanda mai lanƙwasasshen kai, suna buga ƙwallon goruba daga wannan rami zuwa wancan. In mutum zai buga, sai kowa ya yi tsit.

Ya riƙe ƙugu ya ce, "Yanzu ku da gemunku, abin da ya tara ku ke nan?"

Shitu, ƙanin Ladidi, wanda ba ya ganin mijin yayarsa ya ƙyale shi, ya ce, "Ai ba wasan masu garma ba ne, yaya. Koma gida, an kwashe tuwo."

"Ni? Ni da nake tsaga faƙo, ɗan ƙwallon nan ne zai gagare ni?"

Nan take aka ƙulla. Juma'a mai zuwa bayan an sauko, shi da Shitu. Wanda aka kayar zai sussuke dawar ɗayan a turmi, cikin mata, da zane ɗaure a ƙirji.

Maitama, dattijon da ke kula da ramukan, ya ja shi gefe. "Ɗana, bari ka ji. A wasan nan, wanda ya kai ƙwallonsa rami da bugu kaɗan shi ya ci."

Mutumin ya dube shi, ya yi murmushi. "Baba, na gane. Ku 'yan gari ɗaya ne. So kuke in yi lalaci Shitu ya cinye ni. A ina aka taɓa yabon wanda ya yi aiki kaɗan?"

"To, ka dai je ka gwada hannunka a fili, inda ba mutum ba dabba. Ka koyi bugun nesa, ka kuma koyi lallaɓa shi in ya zo bakin rami."

Da ya koma gida ya ce ai ba filin da ya fi tsakar gidansa. Ya saro reshe, ya cika kwando da ƙwallon goruba. Ya ɗaga sanda har bayan ƙeya, ya sauke ta yadda yake sauke garma. Ƙasa ta tashi, ƙwallo na nan zaune. Ya sake. Ya sake. Kafin hantsi tsakar gidan ta zama kamar an yi mata huɗa.

Ladidi ta leƙo. "Maigida, in dankali za a dasa a ƙofar ɗakina, a gaya mini in kau da turmi."

"Yi shiru, kina ɓata mini hannu."

Sai ga shi ya dace. Ƙwallo ya tashi, ya fasa randa, ya wuce ya sami zakaran maƙwabci a kan danga. Da yamma maƙwabcin ya ci nama ba don ya so ba. Ladidi ta ɗauki muciya ta raka maigidan har zaure, ta ce sauran koyon a yi shi a daji. Lallaɓawa kuwa bai koya ba, ya ce wannan aikin masu jego ne.

Ran Juma'a ya iso da Ɗanasabe, makaɗin da ke yi masa gangar noma.

Maitama ya ce, "A nan shiru ake so."

"Ni ba na aiki babu ganga."

Shitu ya fara. Ya buga, ya bi, ya ɗan taɓa, ƙwallo ya gangara rami. Bugun bai cika yatsun hannu ɗaya ba.

Mutumin ya tuntsure da dariya. "Shi ke nan? Har ka gaji? Ladidi ta ce tun kana yaro rago ne kai, ban yarda ba sai yau."

Ya tofa yawu a tafin hannu. Ɗanasabe ya saki ganga. "Na Ladidi, ƙasa ta san ka! Sara, ba a yi maka gardama!" Shi Ɗanasabe ya san ka'idar sarai, amma an yi masa alkawarin damin dawa in ya yi kiɗa mai kyau. Mutanen gari su ma suka ga abin nema ya samu. "Ƙara, yaya! Ai ka wuce Shitu tun tuni!"

Ya buga ƙwallo cikin ƙaya, ya sassabe ƙayar. Ya buga shi cikin yashin rafi, ya haƙa har ya tarar da ruwa. Da ƙwallon ya zo daf da rami, sai ya ga bugun bai ishe shi ba, ya juya ya mayar da shi baya.

Ana cikin haka sai ga Inna, wata Bafulatana, ta dawo daga tallan nono, ta sauke ƙwarya a gindin kuka tana hutawa. Ƙwallo ya tashi sama, ya faɗo tsulum cikin ƙwaryar.

Shitu ya ce, "Inda ya faɗi nan ake bugunsa."

Mutumin ya ɗaga sanda. Inna ta rungume ƙwarya. "Kai, ƙato! Taɓa ta ka ga!"

Ya yi tunani. Ya durƙusa, ya kafa kai, ya shanye nonon tas, har ƙwallo ya bayyana a gindin ƙwarya. Ya karkata ta ya gangaro. Inna ta tuɓe masa hula da taguwa, ta ce a bakin nononta, ta yi gaba tana zage-zage da Fulatanci.

Rana ta yi ja kafin ƙwallon, don kansa, ya gaji ya faɗa rami. Mutumin na tsaye a kai. Kafin kowa ya buɗe baki, ƙafarsa ta jawo ƙasa ta rufe ramin, diddige ya danna. Shi kansa bai san ya yi ba. Tun yana ɗan yaro, in iri ya faɗa rami, abin da ƙafar ke yi ke nan.

Maitama ya dafe kai. "Tone shi, da shi za ka tafi rami na gaba."

"In tone? Abin da na shuka? Ni zabo ne?"

Aka yi, aka yi, ya ƙi. Ya ce duk wanda ya sa hannu a wurin, shi da shi. Aka ba shi wani ƙwallon don a ga ƙarshen abin. Da magariba ta matso ya daina wahala, ya riƙa tura ƙwallo da sanda kamar mai kora akuya. Rami na biyu, ƙafa ta rufe. Na uku, haka. Kafin a kira salla, babu rami ko ɗaya a gonar, babu ƙwallo a aljihun kowa.

Washegari aka ɗaura masa zane. Ya sussuke dawar Shitu cikin mata, gari ya taru yana kallo. Ya fasa turmi, ya karya taɓarya, yana cewa ko a nan ma ba macen da ta kai shi yawan bugu.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan ƙarin gishirin masu hira. Sai bayan shekaru masu yawa hanya ta biyo da ni ta ƙauyen su Ladidi. Na ga gonar da idona. Ga goruba a tsaye nesa-nesa da juna, sun yi 'ya'ya, daidai inda ramukan suke a da. Mutumin ya tsufa, yana zaune a gindin ɗaya da sanda, ba mai tsinka sai da izininsa. Shitu, shi ma da furfura, ya zo roƙon ƙwallon wasa, ya nuna mini tsohon da haɓa.

"Malam, ka gan shi nan. Har yau bai yarda an cinye shi ba."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi gorubar, ya dubi Shitu.

"To ku da kuka iya, me ya tsiro a raminku?"