Ranar da Na Sa wa Kwalekwalen Surukina Tamfol

Ni mai walda ne a Kazaure, ban taɓa tuƙa komai a ruwa ba. Amma da na ga wani jirgin ruwa a waya, ana jan igiya ɗaya sai ƙaton ƙyallen da iska ke turawa ya naɗe kansa a jikin ƙarfe, na ce wannan ai aikin yini guda ne.

Kwalekwalen surukina, Baba Sale masunci, na zaɓa. Na kafa bututun ƙarfe, na ɗaura masa tamfol, na sa wilin keke a gindinsa, na naɗe wilin da igiya.

"Idan iska ta yi yawa fa?" in ji Baba.

"Baba, ai ja ɗaya ne," na ce, har da gyara hula.

Muna tsakiyar dam, masunta sun yi cirko-cirko suna kallo, iska ta taso da gaske. Na miƙe na ja igiyar. Ta biyo ni salin-alin, gaba ɗayanta, ta taru a hannuna. Ashe naɗa ta kawai na yi, ban ƙulle bakinta a jikin wilin ba!

"Innalillahi! Kai, mene ne wannan a hannunka?" in ji Baba.

Kafin in amsa mun kife. Baba, dattijo mai furfura, shi ne ya jawo ni gaɓa ta wuyan riga, ni kuwa ina riƙe da igiyata gam.

Har yau ko ragon layya ba a bari in ɗaure. Ina ɗaukar igiya matata za ta karɓe: "Kawo nan, Ja-ɗaya, ragon nan muna so ya kwana a gida."